Kada Ki Dawo Saboda Habu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ɗiyata Marka. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da malamanki da waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya a Abuja. Allah Ya tsare min ke fita da shiga, Ya raba ki da sharrin mutum da na aljan, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Mu nan Bagudo sai godiya. Babanku yana gaishe ki.

Ba labarin gida na zauna ba ki ba. Maganarki ta ranar Juma'a ce ta sa na nemo biro, ni da rabona da dogon rubutu tun ajin yaƙi da jahilci, sai ki yi haƙuri da karkatattun layukan nan. Kin kira kin ce an yi muku gwajin jarrabawa kin faɗi. Kin ce kuma labari ya iske ki cewa ƙanenki Habu ya koma cizon hannunsa da sheƙawa bakin gulbi tun da kika tafi, saboda haka za ki tattara komatsanki ki dawo, ba za ki tsaya babbar jarrabawar ba. Ni kuwa na ce miki "to." Wannan "to" ɗin ba na yarda ba ne. Kin san halin waya a wurinmu, ana tsakiyar magana sai layin Benin ya shigo ya yanke. Ga kuma Goggonku Lami tsaye a kaina ta baza kunne, kin dai san yayar babanku, maganar da ta shiga kunnenta ba ta kwana. Ko babu su ma, ke ɗiyar fari ce, bakina bai saba doguwar magana da ke ba. To ga amsata a rubuce, direban da zai kawo miki busasshen kifi zai miƙa miki: kada ki dawo. Ki zauna ki yi jarrabawarki.

Na san kanki, ba a ce miki "yi" ki yi sai kin ji dalili. To saurara.

Kin tuna watannin da kika yi kina shirin tafiya? Ina gaban ganga ina bandar tarwaɗa, ke kina zaune kan turmi da waya a hannu, kina karanta tambayoyin nan da Turanci kina juya min su da Hausa. Na ce wannan wace irin jarrabawa ce sai ka ce tatsuniya? Kika ce haka take. Ba a tambayar mutum mene ne kaza, labari ake ba shi. A ce ga yaro irin Habu, wanda magana ba ta zo masa da wuri ba, kuma abin da ba ya damun sauran yara shi yana damunsa, ya yi kaza da kaza, ke ce mai koya masa, me za ki yi? Sai a jera amsoshi ki zaɓi ɗaya. Wanda ya ci shi ake ba satifiket ya yi aiki da irin yaran nan a ƙarƙashin babbar malama. Na ce to kawo su, ai ni na haifi Habu, wa zai gaya min? Wallahi ranar farko ko ɗaya ban ci ba. Kika yi ta dariya har wayar ta kusa faɗawa wuta.

Ta farkon ba zan manta da ita ba. Yaro ne a kasuwa ya ga alewa, an hana shi, ya faɗi ƙasa yana birgima, mutane sun taru. Ban bari kin gama karanta amsoshin ba na ce, "A saya mashi mana, kowa ya huta!"

Kika ce, "Inna, kin faɗi."

Na ce, "To a zabga mashi mari."

Kika ce, "Wannan ko cikin amsoshin ba a sa shi ba."

Na yi tsaki na ci gaba da juya kifina, amma raina ya sosu, don na gane yaron. Habu ne a kasuwar Lolo, can bakin iyaka. Lokacin kina kwaleji, babu mai riƙe min shi, dole in tafi da shi duk ranar kasuwa. Kin san dogon burodin nan da matan tsallaken iyaka suke kawowa a kwando? Ranar farko ɗan kuka ya yi, na saya masa. Kasuwa ta zagayo ya kwanta a ƙasa, na saya. Ta gaba ya fara buga kansa da ƙasa, na saya da gudu, har ina barin kifina ba mai tsaro. Ba tausayinsa kaɗai ya sa ba, gaskiya ɗaya ce, idon mutane nake gudu. Wata Badendiya, cikin matan tsallaken nan, mai sayar da manja ta taɓa faɗin wata magana da yarensu tana kallona. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ji shi har ƙashina. Ni a zatona zaman lafiya nake saye, ashe makaranta na buɗe masa, kullum ina koya masa cewa wanda ya fi buga kai shi ke cin burodi.

Ke kika zo kika warware. Kika zauna da shi a gida da gutsattsarin burodi, in ya miƙa hannu ya nuna ki ba shi, in ya yi ihu ki kau da kai, har ya gane hannu ya fi ihu saurin kawo abinci. Sa'an nan kika bi mu Lolo. Da ya faɗi kika ninke gyalenki kika sa masa ƙarƙashin kai, kika tsaya gefensa shiru, kasuwa kaf tana kallo. Ni kuwa na ɓuya bayan kwanduna kamar ban san ku ba, Allah Ya yafe min. Ya gaji ya tashi, ya kama hannunki, ya nuna kwandon. Kika saya masa nan take.

To ga nasihata ta farko, kuma daga bakinki na tsinto ta. In kin zauna gaban kwamfutar nan aka ba ki labarin yaro mai kuka, za ki ga wata amsa tana yi miki murmushi, ita ce wadda za ta sa kukan ya tsaya da wuri. Kafin ki taɓa ta ki tambayi kanki, wannan don yaron ce ko don 'yan kallo? Haka kuma ranar da kika fara aiki iyayen wani suka tsare ki da ido. Ni na zaɓi ta 'yan kallo shekara da shekaru, ga tabon nan a goshin ƙanenki.

Kuskurena na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ke ma kin san rabinsa ne kawai. Tun Habu yana rarrafe gulbi yake nufa. Ana zaune lafiya sai ya ƙwalla ƙara ya toshe kunne ya fita da gudu, sai a kwata za a kamo shi, inda jirage ke tsayawa, ya tsoma kansa cikin ruwa. Goggonku ta ce, "Wanga ɗan ruwa ne, masu shi ke kiran shi." Matan unguwa suka ce haka ne. Ni da ba na samun barci sai na ce haka ne. Muka shiga kwalekwale ni da ita da shi, muka haye wani ƙauye can ɓangaren Benin wurin wani tsoho. Ya zuba turare a kasko, ya ce in rungume yaron, ya lulluɓe mu da bargo. Marka, ni da na tashi cikin hayaƙin banda sai da na ji numfashina zai ɗauke. Habu ya yi ihu har muryarsa ta dushe, yana yaƙushina, ni kuma ina ƙara matse shi ina cewa magani ne. Bayan mun dawo ya daɗe bai yarda na taɓa shi ba. In na miƙa masa tuwo sai na ajiye a ƙasa na ja baya sa'an nan ya ɗauka. Ban taɓa jin ciwo irin wannan ba, har na naƙuda. Ba na ganin laifin Goggonku, da zuciya ɗaya ta kai mu, kuma ita ma ta yi kuka a kwalekwale muna dawowa. Hannuna ne ya riƙe shi.

Da kika zo hutu kika tambaye ni, "Inna, mi ke faruwa kafin ya yi ihun?"

Na ce, "Ba komai. Haka kawai abin ke taso mashi."

Kika ce ruwa ba ya tsami banza. Kika daina zuwa ko'ina, kika zauna gindin darbejiya kina kallonsa kawai, safe da yamma, har na fara faɗa na ce an kai ki makaranta kin dawo da lalaci. Wata safiya kika kama hannuna kika ce in saurara. Maƙwabcinmu ya tayar da injin niƙansa, kafin ƙarar ta daidaita Habu ya toshe kunne ya nufi ƙofa. Ashe duk gudun nan ƙarar inji yake gudu, kuma ya gano da kansa cewa in kunne ya shiga ruwa ƙara tana mutuwa. Yaro yana neman wa kansa magani, mu muna cewa aljannu. Daga nan ne kika matsa wa babanku muka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, likita ta ba abin suna, otizim, ta ce ba shi kaɗai ba ne a duniya. Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Har gobe ina yi wa matar nan addu'a, ina yi miki.

Saboda haka ki faɗi abin da idonki ya gani, ko a jarrabawa ko a aiki. "Ya toshe kunne ya fita" magana ce. "Abin ya taso masa" ba magana ba ce, da ita aka kai ni ƙarƙashin bargo. Amma akwai wani gefen da nake so ki duba. Akwai ranar da kika faɗi wata tambaya a gabana. Labarin yaro ne mai ihu a aji, kika ce ƙara ce ta dame shi, ashe labarin ya faɗa ƙarara cewa ba ya yi sai malama ta juya wurin wani yaro. Kika ce, "Habu na gani." To ba kowane yaro ne Habu ba. Babanku ba ya kama ƙarfasa da giwan ruwa da ƙugiya iri ɗaya. Ki karanta labarin da aka ba ki har ƙarshe, ki bar ƙanenki a gida, muna nan tare da shi.

Yanzu na zo inda alƙalamin ke min nauyi.

Wata rana kika karanto min, yaron da bai taɓa magana ba ya nuna randa ya ce "ruwa," me za a yi? Na ce a ba shi ruwan. Kika ce sai kuma me? Na ce, "Sai kuma mi? Ya sha ya gode Allah." Kika ce a'a, sai a yabe shi nan take, a faɗa masa abin da ya yi daidai, da fara'a, yadda zai ji daɗi ya sake. Na ce, "A'uzubillahi! Ni in yabi ɗan cikina a gabanshi?" Ke ma kin san yadda muka tashi. Uwa ba ta yabon ɗanta. Na farko rashin kunya ne, na biyu ana tsoron baki. Ɗan wani za ki yaba, naki kuwa ko Alƙur'ani ya sauke sai ki sunkuyar da kai ki ce ai ba ya jin magana. Goggonku da ke shigowa ta ji mu ta ce, "Ɗan da uwatai ta yaba baki na kama shi. Wagga boko taku ba ta bar komi ba."

Ba ki yi gardama da kowa ba, kika ci gaba da abinki. Ya sa takalmi, "Madalla Habu, ka sa takalmi!" Ya ajiye kofi, "Madalla Habu, ka ajiye kofi!" Kamar mai roƙo a gidan suna. Ina jin kunya tana kama ni a madadinki. Sai na fara lura yana ɗaga kai yana kallon fuskarki, shi da ba ya kallon fuskar kowa. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ni na ɗauki cikinsa, amma fuskar wata yake nema. Na zagaya bayan ɗaki inda babu kowa na fara gwadawa a kan akuya. "Madalla akuya, kin ci dusa." Ina cikin yi babanku ya ɓullo da komar kamun kifi a kafaɗa, ya tsaya ya dube ni ya dubi akuyar, ya ce, "Hayaƙin nan ya fara taɓa ki ko?" Ranar da na fara gaya wa Habu kuwa, maganar ta fito kamar tsawa, ya yar da takalmin ya gudu. Kika ce, "Inna, sassauta murya, ba ciniki kike da 'yan Lolo ba." Sannu a hankali dai bakin ya saba. Ran da ya fara ɗago kai ya dube ni, sai da na shiga ɗaki na zauna bakin gado.

A bayan ɗakin nan, gaban akuya, na tambayi kaina me ya sa kalma ɗaya take min nauyin dutsen niƙa. Amsar ba ta da wuya, ban taɓa ɗaga ta ba ne. Ke ban taɓa ce miki madalla ba, ko sau ɗaya. Kina ƙarama, ko tallar kifi ba ki isa ba, na bar ki tsaron banda na tafi kwata karɓar kamun babanku. Hannunki ya taɓa ganga ya ƙone. Kika rufe da hijabi kika ci gaba da shara da ɗebo ruwa, ban sani ba sai da wurin ya yi ruwa ya fara wari. Na ce don me ba ki faɗa ba? Kika ce, "Na ga kina da aiki, Inna." Kin san abin da na ji a raina? Daɗi na ji. Na ce Allah Ya ba ni ɗiya mai haƙuri. Na shafa miki magani ban ce uffan ba, ban ce sannu ba, ban ce gobe ki faɗa ba. Da wannan shirun na koya miki cewa ɗiyar kirki ita ce wadda ba ta kai ƙara, kika kuwa haddace.

Shi ya sa lokacin da muke tambayoyin nan akwai iri ɗaya da kullum take kayar da ke. A ce tsarin da aka ba ki na koya wa yaro ya daina aiki, ko uwar yaro ta roƙe ki ki canza shi, ko kin ga abin da ya fi ƙarfinki. Amsar ita ce ki sanar da babbar malama. Ke kuwa sai ki tsallake ta ki zaɓi wadda za ki gyara da kanki, in an nuna kin faɗi ki ce, "Ai wannan ƙaramin abu ne, don mi zan dame ta?" Ban ga gwajin da aka yi muku ba, ban san ko irinsu suka kayar da ke ba. Amma abu ɗaya in na rantse ba zan yi kaffara ba: har yanzu ba ki je wurin malamarku kin ce mata kin tsorata ba. Kin rufe da hijabi kina shirin hawa mota. Ki tashi ki same ta, ki ce ga inda nake faɗuwa, ki nuna min. Don haka aka ajiye ta. Matar da ta karɓe ki ba ta san asalinki ba, ta ba ki wurin koyo, ba za ta guje ki don kin yi tambaya ba. Ki gaishe min da ita, ki ce wata mai kifi a Bagudo tana gode mata.

Kin ce yabo nan take ake yin sa. Nan take ya wuce ni da shekaru masu yawa, amma sauran ƙa'idar zan cika, zan faɗi abin da aka yi. Madalla Marka, kin zauna kin kalli ƙanenki lokacin da kowa ke faɗin abin da bai gani ba. Madalla, kin tsaya a kasuwar Lolo ni na ɓuya. Madalla, kin koya wa uwarki abu ba ki taɓa sa ta ji ita jahila ce ba. Na gode. Ki karanta wannan ke kaɗai, in kika nuna wa Goggonku ban yafe ba.

Saura maganar Habu, tunda ita ce igiyar da ke jawo ki. Abin da aka gaya miki gaskiya ne, ba zan yi miki ƙarya ba. Da kika tafi ya birkice. Ya ciji hannunsa har ya fasa, ya ƙi tuwo, ya sheƙa kwata ba sau ɗaya ba, ga ruwa bai gama ja ba. Kin koya masa in an ce "tsaya" ya tsaya, to ashe muryarki kaɗai ya sani. Ni in na faɗa ko waiwaye ba ya yi. Wannan ma laifina ne, da na ga kin iya sai na sakar miki shi gaba ɗaya na koma wurin kifina. Akwai yammacin da na ce wa babanku ya kira ki kawai. Ya ɗauko waya, sai na ce dakata. Na tuna wata tambaya da kika taɓa karanta min, ta yaron da ke yi wa malama ɗaya biyayya, in ta fita ya watsar. Kin ce wannan bai gama koyo ba, sai an sa mutane daban-daban sun yi da shi, a wurare daban-daban. Na ce wa babanku, in ta dawo yau, ran da za ta yi aure fa? Mu bi ta da shi gidan miji?

Washegari na yafa gyale na yi abin da ban taɓa yi ba. Ni da nake ɓoye yaron nan in an yi baƙi, na bi gida-gida har kwata ina faɗin yadda yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya wa masunta masu gyaran koma, da mata masu wanki, da mai injin niƙa. Na ce ɗana ba ɗan ruwa ba ne, ƙara ce ke cutar da shi. In kun gan shi da gudu kada ku bi shi da ihu, kada ku taru a kansa, mutum ɗaya ya ce "Habu, tsaya," sau ɗaya. In ya tsaya a ce masa madalla. Na zaci dariya za a yi min. Wasu sun yi. Amma mai inji ya ce, "Haba, shekara nawa muna maƙwabtaka ba ki faɗa min ba?" Yanzu kafin ya tayar sai ya ƙwanƙwasa mana katanga, in shigar da Habu ɗakin baya in ja masa hularsa kan kunne. Kullum da la'asar kuma ni da babanku muna fita da shi hanyar kwata, yau wannan ya ce tsaya, gobe wancan, in ya tsaya a yabe shi a ba shi ɗan ƙuli. Mutanen nan ba su gaji da mu ba. Allah Ya saka musu, ban san ina zaune cikin arziki haka ba.

Shekaranjiya da hantsi wani jirgin ruwa mai inji ya taso daga garin Dole Kaina, injinsa ya yi wata irin ƙara kamar bindiga. Ina riƙe da ragar kifi mai zafi da hannu biyu, kafin in sami inda zan ajiye Habu ya fice. Na bi shi ba takalmi ba ɗankwali, amma ina! Ƙafarsa ta fi tawa. Ina hango shi ya gangara, ga ruwa cike yana gudu, ga ba namiji ko ɗaya kusa. Mutum ɗaya ce a bakin ruwan, Goggonku Lami tana wanki, ita da tun farko ta ce ba da ita za a yi wannan wasan yara ba. Na ce shi ke nan, yanzu za ta kurma ihu ta ƙara firgita shi. Sai na ji ta ce, "Habu, tsaya." Sau ɗaya, ba tsawa. Ya ƙara taku, ruwa ya kai masa ƙwauri, sai ya tsaya cak, hannu a kunne. Goggonku ta dube shi, ta dubi matan da suka fara leƙowa, na ga bakinta yana motsi maganar ta ƙi fita. Can ta ce, "Madalla Habu, ka tsaya." Ta sake faɗa da ƙarfi har masu gyaran koma can sama suka ji suka amsa. Ta miƙa masa hannu ya kama, ta fito da shi. Na iso na durƙusa a cikin laka ina kuka a gaban kowa, ita kuma ta harare ni ta ce, "Tashi ki ɗaura kallabi, kin ba mu kunya."

Ba na ce ya warke ba. Jiya ma ya ciji hannunsa da aka rasa hularsa, kuma ban san ko gobe zai tsaya ba. Amma ranar ya tsaya, kuma ba ki nan. Wadda ta buga miki waya ta tayar miki da hankali ita ce ta tsayar da shi, na kuwa san ba ta sake kira ta ba ki wannan labarin ba, don sai ta faɗi cewa da bakinta ta ce masa madalla.

To kin ji. Habu yana da ni, yana da babanku, yana da Goggo da mutanen kwata. In kin dawo yanzu muryarki zai koma bi, mu duka mu koma 'yan kallo, ke kuma ki zauna kan turmi kina karanta wa mai kifi tambayoyin da ba za ki taɓa amsawa a inda ake amsa su ba. Wannan ba zan iya gani ba. Ki shiga jarrabawar. In kin ci, alhamdu lillahi. In kin faɗi ki kira ni ki ce kin faɗi, da bakinki, ranar da abin ya faru, sa'an nan ki sake shiri. Kullum da safe yana zuwa ƙofar ɗakinki ya tsaya, ya leƙa, ya dawo ya zauna kusa da ni. Kewarki yake yi. Ni ma ina yi, fiye da shi, kuma kewa ba ta kashe kowa ba.

Allah Ya buɗe miki ƙirji, Ya sanyaya miki zuciya ranar da za ki zauna, Ya sa idonki ya ga amsar gaskiya. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin gari, Ya sa yaran mutane su sami sauƙi ta hannunki kamar yadda namu ya samu. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo min da ke lafiya, amma ba yanzu ba.

Wassalam.

Ni ce,
Innarku.